Mai Fanka Biyu Ya Cika A Cikin Rigar Ulu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kai wanda har yanzu ya kasa ɗagowa, Malam Uwaisu mai shagon hotuna da bidiyo na bakin titi a Gwarzo yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa kawo masa aikin biki ko na suna, rasuwar katin girafik ɗinsa, wanda aka fi sani da Mai Fanka Biyu. Ya cika ranar Laraba bayan azahar, a bakin aikinsa, bayan doguwar jinya. Ga waɗanda ba su san marigayin ido da ido ba, shi ne ɗan allon nan da ke zaune a cikin kwamfuta yana tura hoto zuwa sikirin. Duk fuskar amaryar da kuka taɓa gani tana sheƙi a shagon nan, ta hannunsa ta biyo.

Al'adar masu rashi ce su ce kwana ya ƙare, su ja bakinsu su yi shiru. Malam Uwaisu ma haka ya so. Sai dai abin ya faru a gaban mutane, labari kuwa a Gwarzo ba ya jiran mota ta cika. Don haka ya ga gara a ji daga gida, da a ji a teburin mai shayi an ƙara masa gishiri.

An haifi marigayin a wata ƙasa mai sanyi. Ba a san komai game da ƙuruciyarsa ba, sai dai alamu sun nuna ya yi wa wani hidima kafin ya iso Kano a cikin kwali, na hannu, amma da sauran ƙarfinsa. A can Uwaisu ya gan shi, ya juya shi gaba da baya, ya hura masa iska a fanka, ya ji hankalinsa ya kwanta da shi. Kwamfutar da marigayin ya zauna a cikinta ba a haɗe aka saye ta ba. Uwaisu ne ya tattaro ta gaɓa-gaɓa, wannan daga kasuwa, wancan daga hannun aboki, ya ɗaure kowane noti da hannunsa, kuma bai taɓa gajiya da faɗa wa mutane haka ba. A riƙe wannan da kyau. Wanda ya haɗa abu da hannunsa ba shi da bakin cewa bai san ta inda abin yake shan iska ba.

Marigayin mai haƙuri ne, mai ɗaukar nauyi ba tare da ƙorafi ba. Sikirin uku yake riƙewa a lokaci guda: na hagu yana nuna ɗanyen bidiyo yadda aka ɗauko shi, na tsakiya a nan ake yanka ana gyara, na uku kuma yana fuskantar benci don masu aiki su ga abinsu. Kibiyar mawus takan fita daga wannan ta shiga wancan kamar mai yawo a tsakar gidansu. Bai taɓa nuna bambanci tsakanin bikin ɗan kasuwa da sunan ɗan manomi ba. Ya gyara wa angwaye da yawa hular da ta karkace, ya share wa iyayen amare gumi, ya rufa asirin masu hamma a tsakiyar addu'a. Da safe in an kunna shi, ba ya wuce ya ce "fuuu" a hankali, kamar mai hura kunu, ya kama aikinsa.

Ya rasu ya bar marayu uku. Akwai babban sikirin da ƙaninsa, sai auta, wadda a gaskiya tsohuwar talabijin ce da ta girme su duka, amma ita ta zo gidan a ƙarshe. Yanzu dukansu suna zaune baƙi ƙirin, in an taɓa su sai su rubuta cewa babu sigina, su sake yin shiru. Ya kuma bar rumbun ajiya cike da aikin mutane da ba a gama ba, da kwali guda na kebul waɗanda aka zarga da laifin da ba su ji ba ba su gani ba. Iyalai suna neman afuwarsu.

Asalin ciwon kyauta ce, kuma a nan ne alƙalami yake yin nauyi.

Hajiya Adawiyya, mahaifiyar Badi'a matar Uwaisu, tana da keken saƙa a zauren gidanta, tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa. Hulunan jarirai da rigunan sanyinta sun kai har Getso da Kara. Badi'a ita ce 'yarta ta fari, don haka tsakanin Hajiya da Uwaisu akwai kunya ninki biyu, ta suruki da ta 'yar fari. Duk tsawon auren nan maganarsu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba, shi a durƙushe yana kallon takalminsa, ita tana amsawa tana kallon bango. Ba ta taɓa kama sunansa ba. In ta kama dole sai ta ce "mai shagon can". Shi kuwa a duniya babu abin da yake tsoro kamar ya zama sanadin ɓacin ranta, don ita ta tsaya masa lokacin da dangi suke cewa mai ɗaukar hoto ba sana'a gare shi ba.

Kusa da shagon akwai injin niƙa, garinsa kuwa ba ya neman izini kafin ya shiga ko'ina. Wata rana da kaka aka shigo wa Uwaisu da leda daga tsallaken titi, babu saƙo, babu bayani, don suruka ba ta aika wa suruki umarni. Da ya buɗe sai ga riga ta kwamfuta, saƙar ulu, ja da ruwan ɗorawa, da shafi mai kauri a ciki. Daga zaurenta Hajiya ta auna da ido, kuma ba ta kuskure ko ɗan yatsa ba. Rigar ta rufe gaba, ta rufe gefe, ta rufe sama da baya, ba ta bar ko'ina ba sai 'yar kafa ta wucewar waya. Duk wata ƙofa da marigayin yake numfashi ta cikinta, an toshe ta da ƙauna.

Yaba kyauta tukwici. Washegari Uwaisu ya sa wa kwamfutar rigar, da niyyar ta ɗan jima a jikinta a gani, sannan ya cire. Yana ɗaga kai sai ya hangi Hajiya ta dakata da saƙa tana kallo, har ta yi murmushi. Bai taɓa ganin ta yi murmushi ta wajen shagonsa ba. Hannun da ya miƙa zai cire rigar, da shi ya gyara mata zama.

To, Hajiya takan riga shi buɗewa, ba ta kuma tashi sai an kira magariba. Sai tsarin ya zama haka: da safe Uwaisu ya sa wa kwamfuta riga sannan ya kunna ta, ta yini tana aiki a lulluɓe. In Hajiya ta shige gida, ya kashe, ya tuɓe rigar ya ninke, ya bar ta tsirara ta huce har gari ya waye, garin injin niƙa yana sauka a kanta yadda ya ga dama. Da sanyi abin bai nuna ba. Marigayin ya ɗan ɗaga murya, daga "fuuu" ya koma "huuu", amma bai fasa aiki ba. Sai bazara ta shigo.

Auta ce ta fara nuna alama. Tana cikin nuna hoto sai ta ƙifta, ta ɗauke, ta dawo. Daga nan sikirai suka fara musayar wuri ba da sanin kowa ba, ka tura kibiya hagu ta ɓullo ta dama. Sai wasu 'yan ɗigo-ɗigo kore suka fara fitowa a fuskokin mutane, har wata uwar amarya ta tambaya ko 'yarta ƙyanda ta yi ranar ɗaurin aure ba a faɗa mata ba.

Malam Uwaisu ya tashi tsaye wajen neman magani, wannan kam ba za a hana shi ba. Ya canja kebul ɗin auta, ya canja na yayyenta. Ya cire na wannan rami ya sa a wancan. Ya sauke manhajar da ke haɗa katin da kwamfuta, wadda masu sana'ar suke kira direba, ya ɗora sabuwa, da ta ƙi ya koma tsohuwa. Ya zare marigayin daga mazauninsa, ya goge masa haƙoran da yake kama mazaunin da su, ya shafa masa sabon man sanyaya, ya mayar da shi ya danna har ya ce "ƙas". Ya zargi janareta. Ya zargi adaftar da auta take amfani da ita, ya jefar da ita a kwali da zagi. Ya kawo fankar ƙasa ya saita ta tana hura wa rigar ulu iska daga waje. An bar jaki ana dukan taiki, kuma mai dukan ya san sarai inda jakin yake tsaye.

Akwai wata 'yar taga a kwamfutar da take nuna zafin jikin marigayin. Da lambobinta suka koma ja suka ƙi saukowa, Uwaisu ya kama ta da mawus, ya ja ta ya kai ta kan sikirin da ya ɗauke hoto a lokacin, ya ajiye ta a can cikin duhu. Ya roƙi a rubuta wannan yadda yake, kada a sassauta.

Da abin ya ci tura, ya ɗaure kwamfutar a bayan babur ya nufi Kabo, wajen Gregory, mutumin Filato mai gyaran kwamfuta, wanda ya daɗe a ƙasar nan har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Sai da ya fita daga Gwarzo ya tsaya a gindin wata bishiya ya tuɓe rigar ya cusa a jaka. A Kabo marigayin ya yini yana riƙe da sikirin uku ko tari bai yi ba.

"Malam Uwaisu, lafiyarsa ƙalau fa," in ji Gregory. "Me kake ba shi a gida?"

Uwaisu ya ce wataƙila iskar Kabo ce ta karɓe shi. Gregory bai gamsu ba, don haka bayan 'yan kwanaki ya biyo sawu har Gwarzo. Yana sa ƙafa a shagon ya tsaya cak.

"Oga, wa ya sa wa kwamfuta suwaita a wannan zafin?"

"Yi a hankali, don Allah," in ji Uwaisu, ya nuna tsallaken titi da leɓe.

Gregory ya waiga, ya hango Hajiya a kan kekenta, ya rage murya. "Suruka?"

"Kuma 'yar fari nake aure."

Gregory ya cire hularsa ya sosa kai. "To wannan ba irin ciwon da nake gyarawa ba ne. Amma ka sani, in ba ka cire ba, ba zai ga damina ba."

A gida Uwaisu ya gwada ta wajen Badi'a, ya kewaya ya kewaya kafin ya iso kan maganar. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta kalle shi. "Ni? Ka manta ni ce ta fari? Matar da tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ita zan je in tsaya a gabanta in ce saƙarta tana kisa? Kai da ka sa, kai za ka cire." Ya taɓa ɗaukar almakashi zai huda rigar ta baya inda ba a gani. Da ya tuna saƙa in aka yanke zare ɗaya sauran bin sa suke yi, sai ya mayar da almakashin aljihun tebur.

Ana cikin haka sai wani sabon abu ya ɓullo. Hajiya ta juya kujerarta, ta ba titi baya, tana saƙa tana kallon cikin gida. Uwaisu ya hango haka daga shago. Ya ce shi ke nan, wani ya kai mata labarin ana tuɓe rigar da yamma, ta yi fushi. Don ya wanke kansa, ya samo igiya ya ɗaure rigar tamau a jikin kwamfutar, yadda duk wanda ya wuce zai ga ba wasa ake yi da kyautar Hajiya ba. An ce ana barin halas ko don kunya. Ba a dai taɓa cewa a shaƙe bayin Allah don ita ba.

Ranar Larabar, iyayen yara daga Kutama suka cika benci, sun zo ganin bidiyon saukar karatun 'ya'yansu. Rana tana tsakiya, kwanon shagon yana ƙara don zafi. Sikirin hagu ne ya fara tafiya. A kan auta, fuskokin yara suka farfashe suka koma murabba'ai kore da shuɗi. Marigayin ya ɗaga murya yadda ba a taɓa jin sa ba, "wuuuuu", fankokinsa biyu suna gudu iyakar ƙarfinsu a cikin ulu. Wani dattijo ya shaƙi iska ya ce, "Malam, wani abu fa yana ƙauri." Uwaisu ya kai hannu kan igiyar. Kuma ko a wannan lokacin, da ƙauri a hancinsa, sai da ya fara waigawa tsallaken titi ya ga ko ana kallo. Wannan waigen shi ne yake hana shi cin abinci har yau. Kafin ya juyo, marigayin ya ce "ƙirrr, ƙirrr", ya yi shiru. Da aka sake danna makunni, sai kwamfutar ta yi 'yar ƙara, "ɗit, ɗit, ɗit", babu wanda ya amsa mata.

Gregory ya iso da la'asar, ya buɗe, ya duba, ya girgiza kai. Mutanen Kutama ba su tafi ba, wasu ma sun ƙaru. Sai aka ga abin da ba a taɓa gani ba: Hajiya Adawiyya ta yafa mayafi ta tsallako titi, ta tsaya a bakin ƙofar shagon. Uwaisu ya zube a durƙushe. Ita kuwa Gregory ta fuskanta.

"Injiniya, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya mutanen Kabo? Ya Maman Tina da yara?"

"Duk lafiya, Mama. Sun gaishe ki."

"Madalla. Me ya same shi?"

Daga ƙasa Uwaisu ya ja ƙafar wandon Gregory. Gregory ya yi gyaran murya ya fara cewa wutar gari wani lokaci takan zo da ƙarfi.

"Injiniya, na haife ka. Faɗa min gaskiya."

"Zafi ne, Mama. Bai samu iska ba."

Hajiya ta dubi rigar. Sannan ta mayar da idonta kan bango.

"Ka faɗa wa mai shagon nan, ni don dare na saƙa ta, saboda garin injin can. Nawa keken ma sai na tashi nake rufe shi. Ran farko da na gan ta da rana na ce yaba min ake yi, na ji daɗi. Da abin ya ɗore na ce to, su suka karanci abin, wataƙila haka ake yi. Amma kukansa har zaurena nake jiyo shi, wallahi har cikin raina. Na juya kujera don a samu a cire ba tare da an ji nauyina ba. Ina waigowa na ga an ƙara da igiya." Ta gyara mayafinta. "Ta yaya zan buɗe baki in koya wa mijin waccan yarinyar aikinsa? Ashe da hannuna na kashe masa abin neman abincinsa."

Ta juya ta tsallaka. Uwaisu yana nan a durƙushe har ta shige zaurenta. Tun daga ranar ba a sake jin ƙarar keken saƙa a unguwar ba, ƙofar zauren a saye take. Wata da watanni ya yi yana gasa bawan Allah a cikin ulu don kada ran Hajiya ya ɓaci, ashe ran nata yana ɓace tun tuni, yanzu kuma ya bar ta da ɗaukar laifin da nasa ne. Kati dai ana samun wani a Kano. Abin da ya hana Malam Uwaisu ɗaga kai ba a sayar da shi a can.

Game da jana'iza, ba za a yi salla ba, don marigayin ba ya cikin waɗanda aka wajabta wa. An mayar da shi cikin kwalin da ya zo da shi. Ranar Asabar da hantsi za a kai shi Kabo, inda Gregory zai cire fankokinsa biyu ya dasa wa wani kati mara lafiya, sauran kuma a sa shi a makwancinsa, a ƙarƙashin benci, tare da magabatansa. Ana karɓar gaisuwa a shago. Masu aikin da bai ƙarasa ba su yi haƙuri, komai yana nan a rumbu. Masu zuwa da "ai da ka cire" su sani an riga su, mai makokin yana faɗa wa kansa safe da yamma. Mata masu sana'ar hannu da ke son taimakawa, addu'a ta wadatar.

Hanyar tasha ta ƙofar Hajiya Adawiyya ta bi, kuma ba za a kewaye ba. A nan masu rakiya za su tsaya. Malam Uwaisu zai miƙa kwalin ga na kusa da shi, ya cire takalmi, ya yi sallama a zaure. Yana da magana guda da ya tanada, ba ta da tsawo: rigar ta yi kyau, ba ita ta yi kisa ba, laifin nasa ne. Da yake bai taɓa ce mata komai bayan "ina kwana" ba, ana roƙon jama'a su yi haƙuri in tsayuwar ta yi tsawo, mai sauri ya yi gaba. In an ga ya durƙusa ya daɗe bai ce uffan ba, kada kowa ya taya shi, har da Gregory. Wannan karon da bakinsa zai faɗa.